Takardar Naɗin Nama

Ni mai balangu ne a bakin Katako, nan Yamai,
shekara goma sha tara ina juya nama kan waya.
Takardar naɗi a kilo nake sayenta
wurin Kadade mai tarkace.
Shi ma bai san ƙasar da ta fito ba,
dila-dila take zuwa, ɗaure da igiyar leda.

Da hantsi, kafin garwashi ya kama,
nakan zauna in yayyage ta daidai tafin hannu.
A nan na fara lura
ba rumbu iri ɗaya mutane ke zuba magana ba.

Ta Faransa na san ta, aji uku na yi a lakwal:
baƙi da wasali kafaɗa da kafaɗa,
kowa da kujerarsa kamar fasinjan motar Dosso,
daga hagu suke tashi.
Ta Larabawa daga dama take kama hanya,
ba ta biya wa wasula kuɗin mota,
ta baro su gida, wai mai karatu ya san mazauninsu.
Wannan ba na naɗa nama da ita.
Ko tallar sabulu ce, ina tsoron sunan Allah a ciki,
sai in ninke in soke a rufin rumfa.

Akwai ta Indiya, daga kwalin magani:
layi a sama, haruffa na reto a ƙasa
kamar tsokar da aka rataye ta sha iska.
Ɗiyata Tsahara, mai zuwa jami'a, ta ce,
"Baba, can kowane baƙi goye yake da wasalinsa,
sai za a sauya masa murya
ake sa masa ɗan kunne ko munduwa.
Habasha ma kusan haka.
Japanawa kuwa gaɓa guda, alama guda: ka, ki, ku."
Na ce, ashe su ma suna jin Hausa.

Agali, mai gadin gidan da ke kallonmu,
ya yi dariya cikin rawani,
ya durƙusa ya zana nasu da yatsa a ƙasa:
da'ira, ɗigo-ɗigo, sanda biyu a tsaye.
Ya ce sunan uwarsa ke nan.
Kafin in ce maimaita, akuya ta bi ta kai.
Ya ce bar shi, yana nan inda ya fito.

Wadda ta fi ɗaure mini kai ta Sin ce.
Kowane harafi ɗaki ne, da taga, da azara,
wai ba sauti kaɗai ke ciki ba, ma'ana ce zaune,
kuma dubbai ne,
yaro sai ya yi gemu bai gama gaishe su ba.
Ita nake ba nama mai kitse, don ta fi jure mai.

Wata Laraba bayan isha'i
wani ɗan Sin cikin masu aikin gada ya tsaya,
ya ɗaga yatsa: na jaka guda.
Na yanka, na barbaɗa yaji, na sa albasar Galmi, na naɗe.
Ya kai bakin mota sai ya tsaya ƙarƙashin fitila,
ya juye naman a kan murfin inji,
ya shimfiɗa takardar a gwiwa
yana goge man da hannun riga.
Ya daɗe. Naman ya huce.

Ya dawo yana nuna mini wani ɗan ɗaki a tsakiyar shafi,
yana dukan ƙirji,
yana faɗin kalma ɗaya har sau uku.
Garinsu ne? Sunan mace? Farashin shinkafa?
Ba ni da bakin tambaya, ba shi da bakin amsa.
Na jawo sauran dilar na tura masa.
Ya miƙo kuɗi, na ture hannunsa.

Tun ranar hannuna ya yi nauyi wurin yaga.
Masu saye na cewa tsufa ya kama ni, ina ɓata musu lokaci.
Ni kuwa inda layi ya ƙare nake nema,
kar in raba wa wani sunan garinsu biyu.